Wasa Farin Girki: Haɗa wa 'Yar Tsana Ɗaki da Hannu

A da, yarinyar Bahaushe ba ta zaman jiran a sayo mata kayan wasa. Da zarar an girbe dawa kara ya samu, ita da ƙawayenta sun sami abin yin gado da kujera. 'Yar tsanar ma sau da yawa kara ce ko ƙashi, a yi mata kitso da baƙin zare, a ɗaura mata ƙyalle. Sai a share gindin bango a yi mata ɗaki, a yi jere da marafen kwalba, a tuƙa tuwon ƙasa, har a sa ranar biki a kai amarya da guɗa. Yau kuwa 'yar tsanar roba ta cika kasuwa, wata ma da gidanta da gadonta a kwali guda. Yarinya ta sami abin wasan da ya fi na uwarta ƙyalli, amma ta rasa abin da uwar ta samu a wasanta, wato hannun da ya saba da allura da almakashi tun yana ƙarami.

Ba mu kaɗai muka san darajar wannan wasa ba. A birnin Nurembag na Jamus, a shekarar 1631, wata mata mai suna Anna Köferlin ta sa aka haɗa ƙaramin gida da dukan kayansa, tana nuna wa jama'a domin 'yan mata su koyi tsarin gida. A Ingila an kammala wa Sarauniya Mary, matar Sarki George na Biyar, nata gidan 'yar tsana a 1924. Masu sana'a fiye da 1,500 ne suka sa hannu, aka sa masa wutar lantarki da ruwan famfo, kuma har yanzu yana Fadar Windsor ana zuwa kallonsa. Shi kansa kamfanin Mattel, da ya fito da gidan 'yar tsanarsa Barbie na farko a 1962, da kwali ya yi shi.

Ga masu tambayar matsayin abin a addini, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). A ruwayar Abu Dawud, cikin kayan wasanta har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Haka nan sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke yi wa yaransu abin wasa da ulu don su shagala su kai azumin Ashura. Abin lura a nan shi ne, kayan wasan nan duka aikin hannu ne.

To, ta ina za a fara? Da awo. Abin da ke sa ɗakin 'yar tsana ya burge shi ne komai ya yi daidai da mai ɗakin. Masu wannan sana'a a Turai sun fi amfani da ma'aunin ɗaya bisa goma sha biyu: abin da ya kai ƙafa ɗaya a gidan mutane, sai ya koma inci ɗaya. Amma 'yar tsana irin Barbie, mai tsawon inci 11 da rabi, ma'auninta ɗaya bisa shida ne, don haka gadonta zai kai inci 13 a tsawo, 6 a faɗi. A ba yarinya tef ɗin tela ta auna da kanta, ta rubuta a takarda. In babu tef, a kwantar da 'yar tsanar a kan kwali a zana, a ƙara faɗin yatsa biyu ta kai da ta ƙafa. Lissafin da ake fama da ita a kansa a aji, a nan da kanta za ta nemi a koya mata.

Ɗakin kansa kwalin taliya ko na sabulu ya isa. A kwantar da shi ta gefe yadda bakinsa zai kalli mai wasa, babba ya yanka ƙofa da taga da reza. Bango a liƙe shi da farar takarda ko yadi maras zane, da farin gam irin na kafintoci, ko ƙaro da aka jiƙa, ko sitacin rogo dafaffe. Wanda ya yi da sitaci ya shanya a rana ya bushe ƙayau, in ba haka ba kyankyaso da tururuwa za su tare kafin amarya.

Gadon kara shi ne aikin da ya fi koyar da haƙuri. Ana feƙe ɓawon karan a fitar da totuwarsa mai laushi, a yanka ta gunduwa-gunduwa: huɗu gajeru na ƙafafu, biyu dogaye da biyu matsakaita na gefuna. Ɓawon da aka feƙe shi ne ƙusa, a tsaga shi siri-siri a riƙa soka shi cikin totuwar yana haɗa gaɓa da gaɓa, sannan a jera wasu a sama su zama shimfiɗa. Sai dai ɓawon kara yana da kaifi, yana yanka yatsa, gara babba ya yi fiƙar. A birni inda kara ke wuya, murfin kwalin takalmi da marafen robar ruwa huɗu a matsayin ƙafafu sun wadatar.

Daga nan sai ɗinki, wanda shi ne zuciyar aikin. Ƙyallaye ba a sayensu. Kowane tela na unguwa yana da tarinsu a ƙarƙashin keke, musamman gab da sallah. A zaɓi yadi mai laushi da ƙananan zane, domin atamfa mai manyan furanni in aka yanko inci huɗu ba a gane komai a jikinta, leshi mai duwatsu kuma allura ba ta ratsa shi da sauƙi. Katifa ce ta fi dacewa da mai koyo, tunda ɗinkinta miƙaƙƙe ne. A yanka ƙyalle biyu daidai gadon, a ƙara rabin inci ta kowane gefe. A haɗa su fuska da fuska, a ɗinke gefe uku da rabin na huɗu, a juyo ta ta 'yar kafar da aka bari, a tura kusurwoyin da bayan fensir su fito. A cusa audugar rimi ko guntayen soso, kar a danƙara ta ta kumbura, sannan a rufe bakin. Matashin kai haka ake yinsa, girma ne kawai ya bambanta. Zanen gado da labule su ke koyar da kalmasa: a naɗe bakin sau biyu, a danne da farce ko dutsen guga, a bi da ɗinki. Saman labule a yi masa kalmasa mai faɗi a zura tsinken tsintsiya. Zare kuma kada ya wuce kamu ɗaya. In ya fi haka sai ya sarƙe, yarinya ta yi fushi ta jefar da aikin.

Jere kuwa, abin da ake zubarwa shi ne jari. Kwalin ashana uku aka liƙa a tsaye sun zama durowa, a ɗinka wa kowanne dutsen ado ya zama mariƙi. Guda ɗaya in aka lulluɓe shi da shadda ya zama akwatin lefe. Marafen lemo su ne farantai, murfin man goge baki ya zama turmi ko bokiti, madubin tsohuwar hoda ya hau bango. Tukunya da tulu a gina su da yumɓu, a shanya a inuwa don rana tana tsattsaga su. Ragowar kaba ta ba da tabarma da faifai, mai kwarashi kuma ta saƙa darduma da guntun ulu.

Kowane yaro da gwargwadonsa. 'Yar shekara huɗu a huda mata kwali ta riƙa zura igiyar takalmi. 'Yar shida ko bakwai a ba ta allura mai faɗin kafa, babba na zaune kusa. Samari ma kada a kore su. Hannun da ya iya motar kara da ta langa-langa shi zai iya kujera da ƙofa, kuma yawancin telolinmu da masu aikin hula da babbar riga maza ne. A kula ƙwarai in akwai ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, don komai baki yake kaiwa. A ƙa'idar kayan wasa ta Amurka, duk abin da zai shige bututu mai faɗin inci ɗaya da kwata ana ɗaukarsa mai iya shaƙe yaron wannan shekaru, maɓalli da dutsen ado kuwa duk sun shiga ciki. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli da mayen ƙarfe sun fi haɗari, in aka haɗiye su suna iya huda hanji ko maƙogwaro, sai a garzaya asibiti. A ƙirga allurai kafin a fara da bayan an gama, a soke su a ƙyalle guda. Gam ɗin nan mai kama fata nan take kuma ba na yara ba ne.

Kada a raina inda wasan zai kai. Haneefah Adam, 'yar Ilori, ta yi suna a duniya a 2016 saboda ƙananan abaya da hijabi da take ɗinka wa 'yar tsana tana sawa a Instagram da sunan Hijarbie. Ba kowace yarinya za ta kai can ba, amma wadda ta ɗinka katifar inci 13 ba za ta kai wa tela maɓallin rigar makaranta ba.

Babban abin da ke ɓata wannan koyo shi ne uwa ko yaya mai cewa, "Kawo nan, ba haka ake yi ba." Ta karɓe, ta ɗinke tsaf cikin minti biyar, ɗaki ya yi kyau, yarinya ta tashi ba ta ƙaru da komai ba. A nuna mata sau ɗaya a wani ƙyallen daban, a mayar mata da allurarta. In ɗinkin ya karkace a bar shi a karkace, a ajiye. Ranar da ta gama matashi na biyu a ɗauko na farko ta gwada su da kanta, ita za ta faɗi inda gyara yake.