Bashi da Gado a Gidan Guinness na Ƙasar Ailan

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa, ga labarin wani gidan attajirai na Turawa, masu sana'ar dafa giya a birnin Dablin na ƙasar Ailan. Sunan gidan Guinness, kuma ba baƙo ba ne a Nijeriya, gama sun kafa ma'aikatarsu a Ikeja a shekarar 1962. Hukuncin giya sananne ne ga kowane Musulmi, ba shi ne abin magana a nan ba. Abin dubawa shi ne yadda bashi da gado suka gwada wannan gida a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, sa'ad da Ailan tana ƙarƙashin sarautar Ingila.

Kakan gidan, Arthur Guinness, ya karɓi hayar wurin a shekarar 1759, bisa sharaɗin shekara 9,000, ana biyan fam 45 kowace shekara. Da ya mutu a 1803 ɗansa ya gaje shi, shi kuma ya jawo 'ya'yansa biyu cikin sana'ar, watau Arthur Lee da ƙanensa Benjamin.

To, daga nan fitina ta fara. Arthur Lee mutum ne mai sakin hannu, mai son ado da shagali. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma nasa ya wuce misali, ga kuma wani abin kunya da ya biyo baya. A shekarar 1839 aka fitar da shi daga tarayyar, aka ba shi abin da zai rayu da shi, ya koma wani babban gida a Stillorgan, kusa da Dablin. Can ma bashin bai sake shi ba, har gidan ya fita daga hannunsa kafin mutuwarsa a 1863. Uban ya zaɓi ya raba ɗansa da jari, don kada masu bin bashi su iso ga uwar kuɗi.

Da uban ya mutu a 1855, sana'ar ta koma hannun Benjamin shi kaɗai. Ya bunƙasa ta har ya zama ba wanda ya kai shi dukiya a Ailan, ya bar kamar fam 1,100,000 sa'ad da ya mutu a 1868. Amma ya ga abin da ya sami wansa, saboda haka ya rubuta wasiyya mai tsanani. 'Ya'yansa huɗu ne, maza uku da mace ɗaya. Ma'aikatar ya bar wa biyu kaɗai, babban ɗa Arthur Edward da autan gida Edward Cecil, ɗa na tsakiya da 'yar kuwa ba su da rabo a cikinta. Ya kuma ɗaure waɗannan biyu da sharaɗi, wanda duk ya ce zai fita, abin da za a ba shi kaɗan ne bisa ga ainihin rabonsa.

Sai dai takarda ba ta haɗa zukata. Wan ya fi son sarauta da gonaki da siyasa. An zaɓe shi wakilin Dablin a majalisa a 1868, aka soke zaɓen a 1869 saboda an tabbatar wakilansa sun ba da cin hanci. A 1871 ya auri 'yar wani basarake, hankalinsa ya ƙara barin ma'aikata. Ƙanen kuwa kullum yana wurin aiki. Ɗaya na wahala, ɗaya na jiran riba, irin wannan tarayya ba ta daɗewa. A shekarar 1876 suka rabu, ƙanen ya sayi rabon wansa a kan fam 600,000, yana da shekara 29 da haihuwa. Bayan shekara goma, a 1886, ya sayar wa jama'a kamar kashi biyu cikin uku na kamfanin a kan fam 6,000,000. Mai lissafi ya auna waɗannan kuɗi biyu, ya ga abin da wan ya saki. Wan ya mutu a 1915 bai bar ɗa ba, ƙanen ya mutu a 1927 da dukiya fiye da fam 13,000,000.

Abin lura a nan, sau uku gidan nan yana tsirar da jari ta hanyar fitar da wani ɗan'uwa: mai bashi a 1839, 'ya'ya biyu a 1868, babban ɗa a 1876. A wancan zamani dokar Ingila ta yarda mutum ya yi wasiyya da dukiyarsa yadda ya so. Shari'a kuwa ba haka ta ce ba. Ana fara biyan bashin mamaci, sa'an nan wasiyya, ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji ita, saura a raba bisa farilla. Saboda haka hanyar Benjamin a toshe take ga ɗan kasuwa Musulmi.

Amma matsalar da ya gani tana nan a kasuwanninmu. Mun sha ganin babban gidan ciniki ya watse shekara ɗaya bayan rasuwar maigida, don ba a san bashin da ake binsa ba, ba a kuma rarrabe kuɗin gida da kuɗin shago ba. Maganin yana hannun mai dukiya tun yana da rai. Ya rubuta bashinsa da shaidu, ya hana ɗa cin bashi da sunan shago, ya koya wa magada cewa bayan an fitar wa kowa rabonsa suna iya barinsa cikin tarayya da yardarsu, wanda ke son fita a saya masa nasa da farashin adalci. Ta haka jari ya tsira, zumunci kuma bai yanke ba.

Allah ya raba mu da nauyin bashi, ya sa mu gama lafiya. Wassalamu.