Gudun Famfalaki: Me Ya Sa Namiji Ke Riga Mace Isa?

A shekarar 1928, bayan da mata suka yi tseren mita 800 a wasannin Olamfik na birnin Amsterdam, sai aka soke musu wannan tsere bisa zaton cewa jikin mace ba zai iya jure dogon gudu ba. Ba a maido da shi ba sai a 1960. Gudun famfalaki kuwa, mai nisan kilomita 42.195, ba a bai wa mata damar yin sa a Olamfik ba sai a 1984, lokacin da Joan Benoit ta Amurka ta kammala shi cikin sa'a 2 da minti 24 da daƙiƙa 52.

Da aka buɗe musu ƙofa, sai mata suka riƙa rage tazara da sauri, har wasu masana biyu, Whipp da Ward, suka yi hasashe a 1992 cewa kafin ƙarshen 1998 mace za ta kamo namiji. Hakan bai faru ba. A 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya yi gudun cikin 2:00:35, Tigst Assefa ta Habasha kuma cikin 2:11:53. Wato har a tsakanin gwanaye akwai tazarar kusan kashi 10 cikin ɗari. To, ina asalinta?

Amsar tana cikin jini. Tsokar mai gudu tamkar murhu ce: abinci ne itacenta, iskar oksijin kuma ita ke rura wutar. Abin da ke ɗaukar wannan iska daga huhu zuwa tsoka shi ne himogilobin, sinadarin da ke sa jini ja, wanda kowane giram ɗaya nasa ke ɗauke da kimanin mililita 1.34. Kafin balaga, yaro da yarinya ba su da wani bambanci mai yawa. Da zarar an balaga, sinadarin testosteron yakan ninka na mace kusan sau 15 a jikin namiji, sai himogilobin nasa ya fi nata da kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Bugu da ƙari, zuciyarsa ta fi girma, don haka kowane bugu yana tura jini mai yawa. Ita kuwa mace, halittarta ta tanadar mata kitse fiye da namiji, kuma kitse kaya ne da sai an ɗauke shi har ƙarshen tsere.

Amma kada mai karatu ya ɗauka magana ta ƙare a nan. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare wa mai gudu a wajen kilomita 30, daga nan sai ƙafa ta yi nauyi. Jikin mace ya fi dogara ga ƙona kitse yayin doguwar wahala, saboda haka takan yi tsimin sukarinta. Bincike ya kuma nuna cewa mata ba su cika rage sauri a rabin ƙarshe na tsere kamar maza ba. Alal misali, a 2019 Jasmin Paris ta Birtaniya, tana shayarwa, ta kayar da dukan mazan da suka shiga tseren Spine mai nisan fiye da kilomita 400, cikin sa'a 83 da 'yan mintoci. Irin wannan nasara ba kullum ake samun ta ba, amma ta isa ta rushe zaton 1928.

Inda haɗari yake shi ne ƙarancin jini. Mace tana rasa sinadarin ƙarfe duk wata ta hanyar haila, alhali da shi jiki ke ƙera himogilobin. Idan kuma ta rage cin abinci don ta yi sauƙin nauyi, haila tana iya ɗaukewa, ƙashi ya yi rauni har ya tsage. Don haka wajibi ne malaman wasanni su tabbatar an riƙa auna jinin ɗalibai mata masu gudu, a kuma wadata su da hanta, nama, wake da ganyen zogale. Yarinyar da ke saurin haki a fili sau da yawa ba raguwa ba ce. Jininta ne ke buƙatar kulawa.