Mai Faɗin Gaskiya a Bakin Iyakar Jibiya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Katsina ta ratsa Jibiya, ta isa Magama, sannan ta tsallaka Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, ya san cewa abin da ke gajiyar da direba shi ne yawan shingayen da zai tsaya a gabansu, inda za a leƙo ta taga, a dubi kaya, a dubi fuskarsa, shi kuma ya miƙa hannu a dunƙule, a ce masa Allah ya kiyaye hanya. Tun daga rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 har zuwa sake buɗe ta Jibiya a Afrilun 2022, shinkafa 'yar waje ba ta daina shigowa ba, sai dai ta koma bayan babura cikin dare, na goro kuma ya ƙara tsada.

To, a cikin masu kakin da ke tsaron waɗannan shingaye ba a rasa wanda zuciyarsa ba ta natsu da wannan al'amari ba, wanda idan an zo rabo da maraice sai ya kau da kai, alhali ya san ranar da ya buɗe baki abokan aikinsa za su ce masa munafuki, na gaba da shi kuma, ba tare da ɗaga murya ba, zai sa hannu a takardar da za ta jefa shi wani lungu mai nisa da iyalinsa. 'Yan'uwansa ma cewa za su yi: "Malam, kai kaɗai ne za ka gyara Najeriya? Ka ci naka, ka yi shiru."

Malamanmu kuwa tuntuni sun rarrabe tsakanin annamimanci da nasiha. Imamu Nawawi ya lissafa wuraren da ambaton aibin mutum ke halatta, daga cikinsu har da kai ƙara ga mai iko domin a kawar da munkari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a cikin Kitabul Farƙi, ya ƙirga karɓar gaisuwa cikin ɗabi'un azzaluman masu mulki. Ke nan ta fuskar shari'a babu shubuha a kan halaccin fallasa masu karɓar na goro. Matsalar tana wajen hukuma, domin a Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin tukuici ga masu fallasa almundahana, kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, amma ba a haɗa shi da dokar da za ta kare su ba. Ntia Thompson, mataimakin darakta a wata hukuma ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, ya kai wa EFCC rahoton karkatar da dala 229,000, sakayyarsa ita ce kora a 2017, kuma sai da aka yi ta ƙorafi kafin a mayar da shi. Idan haka ta faru da babban ma'aikaci a Abuja, inda 'yan jarida ke kusa, ina ga ƙaramin jami'i a Magama?

Saboda haka muna kira ga wakilan Katsina a Majalisar Tarayya da su tsaya tsayin daka a kafa dokar da za ta haramta kora, ko canjin wurin aiki, ko danne ƙarin girma, ga ma'aikacin da ya faɗi gaskiya da hujja a hannunsa.