Cokulan Azurfa na Baje Kolin Cikago

A 1893 birnin Cikago na Amurka ya shirya gagarumin baje koli don cikar shekara 400 da isar Kolumbus nahiyar Amurka. Mutum fiye da miliyan 27 suka shiga kallo, da yawansu suka koma gida da tsarabar ɗan cokalin shayi na azurfa. Lokacin azurfa ta yi araha saboda ma'adinan jihar Nebada, kamfanoni irin Gorham kuwa suna ta ƙerawa.

Ni abin da ya ja ni ga tara cokulan shi ne aikin hannun. A cikin bakin cokali, wurin da bai wuce babban yatsa ba, sai ka ga an zana katafaren gini da ginshiƙansa, a mariƙin kuma ga fuskar Kolumbus. Akwai masu hoton ƙaton lilo mai juyawa da ake kira Ferris, wanda a wannan taron aka fara hawansa.

Mai saye ya juya bayan cokalin tukuna. Hatimin STERLING na nufin azurfa kashi 92.5 cikin ɗari. In babu shi, galibi shafe ne kawai. Kuma don Allah a rage dirza. Baƙin da ya kwanta cikin zanen shi ke fito da shi fili.