CIWON DAJI: MASANA SUNA DUBA ƘWAYA ƊAYA-ƊAYA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Cikin kowace ƙwaya akwai wani rubutu da ake kira ADN. Shi ke gaya wa ƙwaya aikinta. In rubutun ya ɓaci, sai ƙwaya ta yi ta haihuwa ba tsayawa, har ta zama ƙari. Wannan shi ne ciwon daji, ko sankara.

Da can, masana sukan yanki ƙari su niƙe shi gaba ɗaya, sannan su karanta rubutun. Kamar mace ce ta daka hatsi da dawa da wake cikin turmi guda. Wa zai dubi garin ya ce ga yawan waken?

A shekara ta 2011, a ƙasar Amurka, wani masani mai suna Nicholas Navin da abokan aikinsa suka sake dabara. Suka ware ƙwayoyi 100 daga ƙarin nonon wata mace, suka karanta kowace ita kaɗai. Ashe ƙari guda ne, amma iri 3 na ƙwayoyin ciwon ke zaune cikinsa.

A 2018 suka bi mata 20 masu karɓar maganin ciwon. Ga wasu, ciwon ya ƙi mutuwa. Da aka duba, ƙwayoyin da suka gagari maganin suna nan tun kafin a fara shi, ƴan kaɗan ne kawai. Magani ya kashe saura, su kuma suka samu fili. Manomi ya san wannan: in ka nome gona ka bar ƙuduji kaɗan ya zuba iri, baɗi sai ya cika ta.

Aikin yana da tsada, kuma yawancinsa bincike ne tukuna. Amma yana nuna abin da ya sa jinkiri ke da haɗari, don ƙari in ya daɗe yana iya tara iri-iri.

Macen da ta ji kulluƙi cikin nononta, ko ba ya ciwo, ta tafi likita da wuri. Maigida ya raka ta. Kada a tsaga, kada a yi sakiya. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, kuma tun 2021 ana gasa ƙari da na'ura a can.