Harshen Umurni da Fahimtar Matuƙan Jiragen Sama: Misali Daga Dokar Tankin Mai na Tsakiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda matuƙan jiragen sama ke fahimtar umurnin kiyaye haɗari da hukumomi ke bayarwa dangane da tankunan mai. An ɗauki misali daga Amurka, inda aka fi ƙera manyan jiragen da zancen ya shafa. Abin da za a nuna shi ne, fahimtar irin wannan umurni ba ta kammaluwa sai mai karatu ya san dalilin da ya haifar da shi.

2.0 Tushen Umurnin

Babban jirgin fasinja yana ɗaukar mai a cikin fukafukansa, da kuma wani tanki da ke tsakanin fukafukan, ƙarƙashin mazaunin fasinjoji. Wannan shi ake kira tankin tsakiya. A jirage da dama na'urorin sanyaya iska suna ƙarƙashinsa, don haka zafinsu yakan ɗumama shi. Idan man da ke ciki ya yi kaɗan, sai tururinsa ya gauraya da iska ya cika tankin, ta yadda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara.

Haka ta faru ranar 17 ga Yuli, 1996, lokacin da jirgin TWA mai lamba 800, ƙirar Boeing 747, ya tarwatse jim kaɗan da tashinsa daga birnin New York, mutum 230 suka halaka. Rahoton bincike na shekarar 2000 ya danganta haɗarin da fashewar tankin tsakiya. An sami irin wannan fashewa a jiragen Boeing 737 suna ƙasa, a Manila cikin 1990, da kuma Bankok cikin 2001.

3.0 Sigar Umurnin

A shekarar 2002, bayan an gano aibi a wasu famfunan mai, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta ba da umurni na gaggawa. Ga sabon samfurin Boeing 737 na wancan lokaci, umurnin ya wajabta kashe famfunan tankin tsakiya kafin tashi idan man da ke ciki bai kai fam 5,000 ba. Haka kuma a kashe su idan man ya sauko kimanin fam 1,000 ana hawa ko ana tsakiyar tafiya, ko fam 3,000 ana sauka. Dalili kuwa shi ne, man da ke rufe famfon shi ke sanyaya shi. Famfon da ke juyawa a bushe yana iya yin zafi ko ya fitar da tartsatsi a cikin tururi.

Ta fuskar harshe, abubuwa uku ne suka fito fili. Na farko, jimlolin duk na sharaɗi ne, kuma kowane sharaɗi yana ɗaure da wani mataki na tafiya. Wanda ya haddace adadi ɗaya ya manta matakin, ya riƙe rabin doka ke nan. Na biyu, an haɗa lafazin wajabci da lafazin ƙiyasi a jimla guda. Kashe famfo dole ne, amma adadin "kimanin" ne, wanda ya bar wa matuƙi fagen yin hukunci. Wanda ya san dalilin dokar zai kashe da wuri, wanda bai sani ba yana iya jinkirtawa don ya tsotse sauran man.

Na uku shi ne ma'auni. Wasu kamfanoni da fam suke awo, wasu da kilo, alhali kilo ɗaya ya haura fam biyu. Illar wannan ta bayyana tun ranar 23 ga Yuli, 1983, sa'ad da aka yi wa jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 lissafin mai da fam a maimakon kilo. Man ya ƙare a sararin sama, matuƙan suka lallaɓa suka sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja da ke Gimli, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

4.0 Kammalawa

A shekarar 2008 hukumar FAA ta wajabta rage yiwuwar kamawar wuta a tankunan tsakiya, abin da ya sa ake cika sararin tankin da iskar naitirojin wadda ba ta taimaka wa wuta. Duk da haka, na'ura ba ta ɗauke wa matuƙi nauyin karanta umurni ba. Galibin waɗannan takardu da Ingilishi ake rubuta su, yayin da matuƙa da yawa a duniya ba shi ne harshensu na farko ba. Saboda haka akwai aiki a gaban masana harshe, musamman masu nazarin ma'ana da fassara, na tantance yadda za a tsara jimlar umurni ta fito da sharaɗinta, da ma'auninta, da kuma dalilinta, ba tare da ta ɗauki ma'ana biyu ba.