Laifin Murhu Ne Ko Na Tirela?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, gas da kananzir suka gagari talaka, mutane suka koma ga itace da gawayi. Mai bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Dogon Daji ya san buhunan nan baƙaƙe da ake jerawa a bakin titi, an ɗaure bakinsu da igiya. Sai ga wata magana ta dawo a tarurrukan dashen itatuwa: wai matar ƙauye mai girki da itace ce ke jawo sauyin yanayi.

Wannan zalunci ne, kuma akwai masanin da ya ƙarar da shekarunsa yana bayyana dalili. Henry Shue, malamin falsafa ɗan Amurka da aka haifa a 1940, ya koyar a jami'ar Cornell kafin ya koma Oxford ta Ingila. A littafinsa Basic Rights na 1980 ya kafa hujjar cewa abin kaiwa bakin salati haƙƙi ne, daidai da tsaron rai. A 1993 ya raba hayaƙin da ɗan Adam ke fitarwa gida biyu: na neman tsira da na jin daɗi. Idan rijiyar gari ta ja baya, mai wanke doki ake fara dakatarwa, ba mai ɗiban na sha ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma manomin Tambuwal ne ke zuba ido ga damina mai gardama.

Sai dai ma'aunin Shue ya hau kanmu mu ma. Uwar da ta tsinto ƙirare don tuwon dare daban, dillalin da ke sa a kayar da ɗanyen marke da ƙirya a dazukan Kebbe ya cika tirela daban. Na biyun riba yake ci daga inuwar jikokinmu. Ba kuma baƙon hukunci ba ne a nan: Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan dokokin ƙasa da hurumin da ba a yarda mutum ɗaya ya mallake ba.

Don haka malaman daji su daina tare jakin talaka suna ɗaga wa tirela hannu. Hukuma ta fara sauƙaƙa wa mata gas da murhu mai tattalin itace, sannan ta yi musu wa'azi.